Injiniya da Wandunan Masu Gadi

Shekara goma sha tara Mama ta yi tana riƙe da almakashi a shagon ɗinkin Madam, ba ta taɓa ɓata ko hannun riga ɗaya ba. Hawan jininta ma ba a shagon ta samo shi ba. A gida ta haife shi, ta yi masa wanka, ta kai shi makaranta, ga shi yanzu ya shekara ashirin da tara, kowa a layinsu na ce masa Injiniya.

Shi ya raɗa wa kansa sunan, bayan ya yi kwas ɗin kwamfuta na sati uku a wani bene da ke saman shagon taya. Takardar shaidar ya sa aka lulluɓe masa da leda, yana yawo da ita a aljihun gaba. Tun da ya taɓa fankar maƙwabciyarsu take zuƙe iskar ɗaki maimakon ta hura. Da matar ta zo ƙorafi, sai ya ce mata ai ita ce sabuwar fasaha, zafin take kwashewa.

To, a shagon Madam akwai wata yarinya mai hankali da ake kira Mai Kwamfuta. Ita ta haɗa musu rumbun bayanai, jadawalin sunayen masu kawo ɗinki daban, na awonsu daban, na yadi daban, kowanne an ɗaure shi da ɗan'uwansa da lamba. Da safe a danna maɓalli, firinta ta tofo takardar yanka, Mama ta duba ta yanka, teloli su ɗinka. Ba a taɓa jin kansu ba. Sai ga cikin Mai Kwamfuta ya tsufa, ta tafi hutun haihuwa.

Mama ta kwana uku tana juya maganar a ranta kafin ta tari Madam.

"Madam, yaron nan nawa yana zaune haka nan. Ya ɗan san kwamfuta."

"Wanda ya gyara min rediyon mota, yanzu sai na taka birki yake kamawa?"

"Ya girma tun lokacin."

"Watan jiya ne fa, Mama."

Madam ta yi lissafi. Tafiya ce a gabanta ta kwana biyar, za ta je sayo sababbin kekunan ɗinki, ga kuma aikin wani kamfanin masu gadi a ƙasa. Riguna sittin an gama, saura wanduna sittin, ranar Asabar za a yi faretin buɗe sabon ofishinsu da su.

"Don darajarki na yarda," in ji Madam. "Aikinsa uku ne. Ya kunna, ya danna, ya goge ƙura. In ya taɓa wani abu ya lalace, ba shi kaɗai zai kama hanya ba, har ke. Kin ji ni?"

"Na ji," in ji Mama, ta laluba jakarta ta haɗiyi ƙwaya ɗaya ba ruwa.

Ranar Litinin Injiniya ya iso cikin kwat, da tabarau marar gilashin magani. Ya kunna, ya danna, ya duba agogon hannunsa, ya yi tsaki mai tsawo.

"Daƙiƙa huɗu! Daƙiƙa huɗu kafin takarda ta fito! Haka kuke rayuwa a nan?"

Rediyo, wata tela da bakinta ba ya hutawa ko tana riƙe da allura a leɓe, ta ce, "Da muna mutuwa ne, ranka ya daɗe, zuwanka ya farfaɗo da mu."

Bai ji zolayar ba. Ya shiga tone-tone a cikin rumbun, can sai ya buga tebur.

"Na kama su! Mama, zo ki ga ɓarayin da ke cinye muku ƙarfin kwamfuta. Fankishin goma sha ɗaya!"

"Mene ne kuma haka?"

"Wasu ƙananan umarni ne da mutum ke rubutawa da hannunsa ya cusa a ciki. Ki ba su lamba, su juya ta, su miƙo miki wata. Ba kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne ya sa su ba, matar nan ce ta zauna tana ƙaga su. Ji sunayensu ma, abin kunya. Juya awo. Rarar ɗinki. Tef ɗin Baba. Tef ɗin Baba fa! A cikin rumbun bayanai!"

Baba ya ɗago kai daga kekensa. Shi ne tela mafi tsufa a shagon, kuma tef ɗinsa sananne ne. Na maigidansa ne da ya koya masa sana'a, da inci yake awo, kuma shekarun baya dutsen guga ya cinye masa inci uku na farko. An saya masa sabo ya fi sau goma, yana karɓa ya yi godiya ya ɗaure buhun ƙyallaye da shi.

"Kada ka taɓa min suna a cikin akwatin nan," in ji Baba.

"Baba, ba sunanka zan taɓa ba, shara zan kwashe. Nan da azahar kwamfutar nan za ta riƙa fitar da takarda kafin ma a danna."

Mama ta matso. Ta nuna masa 'yar takardar da Mai Kwamfuta ta manna a gefen allo, wadda aka rubuta da jan biro cewa kada a taɓa, har aka ja layi biyu.

"Don waɗanda ba su sani ba aka rubuta," in ji shi, ya ɓamɓare ta ya goge tabarau da ita.

"Ɗan nan, kunna, danna, goge ƙura aka ce maka."

"To ai ƙurar nake gogewa. Ta ciki."

Mama ta san ɗanta. In ka hana shi abu a gabanka, zai yi a bayanka, kuma ya ninka. Sai dai ita ma tana da tata ɗabi'ar da ba ta sakewa. Tun da take yanka ba ta taɓa zubar da ƙyalle ba sai ta ga mai kaya ya sa kayansa ya zauna ya tashi. Buhunan ƙyallayenta sun cinye rabin ɗakin ajiya.

"Kafin ka zubar, buɗe min su in ajiye ƙyallen."

"Wane ƙyalle kuma a kwamfuta?"

"Ka buɗe na ce. Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Ta jawo babbar takardar zanen yanka da fensir, ta zauna ta shiga kwafa. Ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Harafi bayan harafi take bi, kamar mai zare tsakuwa daga shinkafa. Alamomin da ba ta san sunansu ba ta sa musu nata, wannan ƙugiya, wannan ƙugiya mai ciki, wannan ɗigo mai wutsiya. Awa biyu da rabi ta yi, Injiniya na gefe yana cin burodi yana ba Rediyo labarin yadda kamfanonin waje ke nemansa, lambarsa ce kawai ba su da ita. Da ta gama ta naɗe takardar, ta ɗaure da zare, ta cusa a jaka kusa da ƙwayoyinta.

Injiniya ya murza yatsu, ya rubuta umarnin cirewa, ya danna. Kwamfuta ta amsa da jan rubutu.

"Me ta ce?" in ji Mama.

"Wai ba za ta cire ba, akwai abubuwan da suka rataya a jikinsa."

"Alhamdu lillahi. To ka bar shi."

"Gardama take min. Ni! Ba ta san akwai wata kalma ɗaya da in na ƙara, shi da duk abin da ya rataya a jikinsa za su tafi tare ba. Malaminmu ya ce kada mu taɓa amfani da ita."

"To don me za ka yi?"

"Ga ɗalibai ya faɗa. Ni na gama."

Sau goma sha ɗaya ya danna. Sau goma sha ɗaya Mama ta ce innalillahi. Da ya gama ya miƙe tsaye, ya ce kowa ya taso ya ga abin al'ajabi. Teloli suka taru. Ya ɗaga yatsa sama, ya sauke a kan maɓallin takardar yanka.

Maɓallin bai yi komai ba. Ya sake dannawa. Shiru. Ashe takardar yankan ma a jikinsu take rataye, ta bi su.

"Lallai kam ta yi sauri," in ji Rediyo. "Ni ko ganin fitarta ban yi ba."

"Hutawa take, ta sauke nauyi. Ku koma bakin aiki."

Har la'asar yana zufa a cikin kwat. Daga ƙarshe ya haɗa tasa takardar, wadda ke ɗebo lambobi kai tsaye yadda aka zuba su ranar awo, ba juyi ba ragi ba ƙari, ya rubuta santimita a saman kowane layi saboda ya ce shi ne awon masu ilimi. Firinta ta tofo guda talatin na farko. Daƙiƙa uku da rabi.

"Kun gani?" in ji shi.

Mama ta ɗauki ta sama ta karanta. Ƙugu arba'in da tara. Tsawo arba'in da biyar. Ta miƙa tef a kan tebur ta ga iyakar arba'in da tara, ta sake duba takardar.

"Wannan ai wandon ɗan yaye ne."

"Na Kwamanda ne, shugaban masu gadin," in ji Injiniya. "Ga sunansa nan."

Baba ya taso. "Ni na auna mutumin nan da hannuna. Sai da na ce ya riƙe min bakin tef na zagaya ta bayansa na dawo. Manyansu talatin duk ni na auna, ba wanda tumbinsa bai riga shi shigowa ba."

"Da wane tef, Baba?" in ji Injiniya.

"Da nawa."

"Wanda ya ƙone?"

Teloli suka kwashe da dariya. Abin da ya kashe Baba ke nan, don duk shagon ba wanda bai taɓa yi wa tef ɗin nan ba'a ba.

"Jama'a ku yi mana alƙalanci," in ji Injiniya. "Ƙonannen tef, ko na'urar da ake tuƙa jirgin sama da irinta? Kuma yadin nan mai miƙewa ne, da zarar ya ji ɗumin jiki zai buɗe. Haka kayan masu tsaro suke yanzu, matsattsu, don kada ɓarawo ya samu wurin kamawa."

Mama ta ja yadin da hannu biyu. Ko motsi bai yi ba, kamar buhun siminti.

"Ai ba ki ɗumama shi ba," in ji shi.

Ta ja shi gefe, ta rage murya. "Ɗan nan, ga abubuwan nan a jakata. Ka mayar da su yadda suke, ba wanda zai ji."

"Haba Mama! Sharar da na kwashe a gaban jama'a? Kuma kwamfuta tana rubuta duk abin da aka mayar. In Madam ta ga an mayar, ta san an cire. Kin ga ni da ke sai gida."

Ko gaskiya ne ko ƙarya, Mama ba ta sani ba. Ta fita bayan shago ta kira Madam, wayar na fara ƙara ta kashe. Ta kira Mai Kwamfuta, mijin ne ya ɗauka yana haki, daga bayansa ana jiyo wata irin kururuwa da kowace uwa ta san ma'anarta. Mama ta ce Allah ya raba lafiya, ta kashe. Ta dawo ta tsaya a gaban yadi, ta dubi takarda, ta dubi ɗanta da ke gyara wuyan kwat a madubin gwaji. Shekara goma sha tara takardar nan ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, ko lokacin da ake rubuta ta da biro. Ta yi bisimilla ta yanka.

Ranar Talata wanduna talatin suka jeru a kan igiya. Mai gyaran takalma na maƙwabta ya leƙo aron zare, ya tsaya.

"Madam ta koma ɗinkin gidan renon yara ne?"

"Na masu gadi ne," in ji Rediyo.

"Gadin me? Kejin kaji?"

Kafin yamma rabin layin sun zo kallo. Mai wanki ya ce shi dai a ba shi kwangilar wankin, a kofin shayi zai gama. Wata mata mai goyo ta tambaya ko akwai mai ruwan hoda.

Mama ta tare ɗanta a bakin ɗakin ajiya, idonta ya kawo ruwa.

"Ƙugun nan bai yi ba. Ko me za ka ce, ƙugun nan bai yi ba."

"Ƙugu ne damuwarki? Da kin faɗa tun farko. Abokin ciniki shi ne sarki."

Ya koma kan kwamfuta, minti ɗaya, ya ninka duk abin da ya shafi faɗi sau biyu, ya tofo sauran takardu talatin. Su kuwa waɗannan na sababbin ɗauka ne, samari sirara kamar sandar goge ƙasa, kuma Rediyo ce ta auna su da lafiyayyen tef na santimita. Lambobinsu daidai suke tun asali.

Mama ta karanta. Ƙugu ɗari da tamanin.

"Yanzu kuma ya yi yawa!"

"Jiya ya yi kaɗan, yau ya yi yawa. Mama, ke fa ba a iya miki. In aka haɗa na jiya da na yau aka raba biyu, daidai ne cif. Lissafi ke nan."

Baba ya buɗe baki, Injiniya ya nuna tef ɗin da ke wuyansa, Baba ya rufe. Rediyo ta ce ita abin da aka yanka take ɗinkawa, in an yanka mata tanti za ta sa masa zif. Kuma tantin ta sa wa zif. Mutum biyu ke riƙe mata kowane wando yayin da yake bi ta ƙarƙashin allura.

Ranar Juma'a da yamma aka gama. Bandir na ƙarshe ya ƙare daidai, ko faɗin tafin hannu bai rage ba. Injiniya ya hau kan kujera.

"Kun taɓa ganin aikin da yadi ya ƙare cif haka? Wannan shi ake kira tsari!"

Shi ya naɗe kowane wando a baƙar leda, ya manna suna. Ya kuma buga katin kasuwanci guda ɗari, mai ɗauke da hotonsa ya dafa haɓa.

Asabar da hantsi filin gaban sabon ofishin ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga mai kamfanin da matarsa da manyan baƙi, ga masu ganga da ƙaho. Madam ta sauko daga mota kai tsaye daga tafiya, ta zauna kusa da Mama.

"Komai lafiya?"

"Da sauƙi," in ji Mama, tana ƙanƙame da jaka.

"Waye ba shi da lafiya?"

"Ba kowa tukuna."

Kwamanda mutum ne da bai yarda da a yi abu rabi da rabi ba. Ya tara mutanensa sittin a ɗakin canja kaya, ya sa kowa ya tuɓe tsohon wandonsa aka zuba a mota aka tafi da su, don kada wani ya ɓata masa fareti da koɗaɗɗen kaya. Sannan ya raba ledoji, ya ba da umarni kowa ya sa abin da aka rubuta sunansa a kai, minti biyar, ba tambaya.

Minti biyar ya wuce. Goma. Ashirin. Masu ganga suka buga taken shigowa sau uku. Daga ɗakin ana jiyo nishi, da wani sauti kamar ana yaga takarda, da muryar wani yana cewa a ja ta can.

Sai aka hura usur, ƙofa ta buɗe.

Kwamanda ne a gaba, cikin sabuwar riga mai kyau, da hula, da takalmi sau ciki, da gajeren wandonsa na ciki mai zanen kifaye. Sabon wandon ya shiga ƙafarsa ta dama har ƙwauri ya tsaya, ɗayar ƙafar wandon na jan ƙasa. Umarni umarni ne, ko a kan wanda ya bayar. Bayansa manya ashirin da tara, kowa da dabararsa. Wani ya zura hannuwa biyu a ciki. Wani ya rataya a wuya. Wani ya kifa a ka, ƙafafun na lilo kamar kunnen zomo.

Sannan samarin suka biyo. Na farko ya tattare ƙugun a ƙirji da hannu biyu, da Kwamanda ya yi tsawar a sara, ya saki, wandon ya zube ƙasa kamar labule. Biyu daga cikinsu sun ga abin ba zai yiwu ba sun shiga ɗaya, kowa da ƙafarsa, suna tsalle tare. Iska ta taso ta shiga wandon wani siriri a layin ƙarshe, ta cika shi tam, ta tafi da shi gefe-gefe har sai da mai ƙaho ya riƙo shi.

"Hagu, dama! Hagu, dama!" Kwamanda na tsawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ranka ya daɗe, ni ne hagun, shi ne daman," in ji ɗaya daga cikin masu wando guda.

Matar mai kamfani ta fara da toshe baki, ta ƙare a ƙasan kujera. Masu ganga suka kasa riƙe sanda. Mutanen titi suka hau katanga da wayoyi. Madam kuwa ba ta yi dariya ba. A hankali ta juyo da kanta wajen Mama.

Kafin ta yi magana, Injiniya ya riga ya isa wajen lasifika.

"Jama'a, abin da kuke gani shi ne makomar tsaro! Ku gaya min, wane ɓarawo ne zai ga waɗannan ya iya gudu? Dariya za ta kayar da shi a kama shi a zaune. Duk wannan daga cire fankishin goma sha ɗaya kacal. Ga katina, ana rabawa…"

Kwamanda ya taho da ɗingishi, wando na binsa. Ya ɗaga Injiniya ta wuyan kwat da hannu ɗaya, har takardar shaidar ta faɗo.

"Kai ne?"

"Ni da tawagata," in ji Injiniya, ƙafafunsa na harbin iska. "Mama, yi masa bayani!"

Duk filin ya juyo. Madam ta ce, a sanyaye, "Kin tuna abin da na gaya miki."

"Na tuna."

Ta miƙe don ta kama hanya. Amma ido mai shekara goma sha tara a bakin yadi ba ya tafiya hutu don an kori mai shi. Tana wucewa ta gaban samarin nan biyu masu wando guda, sai ta tsaya. Ta kama ƙafar wandon, ta auna da tafin hannu, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta duba tsawon. Tsawon lafiya lau.

"Madam," ta ce, "kowace ƙafa ɗaya a nan, wando guda ne. Manyan wandunan nan talatin, in aka farke su, sittin za su fito."

"Masu tumbin fa?"

"Ƙananan wandunan za su ba da ƙari a gefe, da aljihu, da mazagin bel. Sauran ƙyallen yana ɗakin ajiya, ban zubar da ko zare ba."

"Da wane awo? Ɗanki ya kashe kwamfutar."

Mama ta buɗe jaka, ta zaro naɗaɗɗiyar takarda, ta kwance zaren. Takardar ta warware har ƙasa, baƙi ƙirin da fensir.

"Abubuwan da ya zubar ne. Ban san me suke cewa ba, amma ga su."

Mai kamfanin, wanda har lokacin yake share hawaye, ya ce shekara ashirin rabonsa da dariya irin wannan, ya ɗaga faretin zuwa Asabar mai zuwa. Kwamanda ya ce shi bai yafe ba, amma ya sauke Injiniya, a cikin kwandon shara.

Ranar Litinin Mai Kwamfuta ta zo da jaririyarta a kafaɗa, ta ce minti talatin kawai mijinta ya ba ta. Ta shimfiɗa takardar Mama, ta fara bugawa, tana yi tana girgiza kai.

"Mama, ko ɗigo ba ki tsallake ba. Amma wannan layin fa, sha ɗaya da minti ashirin?"

"A ƙasan allon na gan shi."

"Agogo ne. Wannan kuma?"

"Shi ma yana wurin."

"Mataccen sauro ne, Mama, ga shi nan har yanzu."

"To ni na san wanne ne mai amfani?"

Da ta kai kan tef ɗin Baba, ta karanta da ƙarfi don kowa ya ji. In Baba ne ya auna, a cire inci uku, sannan a juya zuwa santimita. Baba ya ɗago kai. Ya cire tef ɗin daga wuya, ya shafa ƙonannen bakin, ya mayar.

Firinta ta tofo takardar Kwamanda. Daƙiƙa huɗu. Mama ta karanta, ƙugu ɗari da ashirin da ɗaya har da rarar ɗinki, ta sauke numfashin da ta riƙe tun satin jiya.

Madam ta miƙo mata almakashinta.

"Ke kin zauna. Shi kuma," ta nuna Injiniya da haɓa, "tun da cire abu ne gwanintarsa, ga reza, ga wanduna sittin. Ɗinki ɗaya-ɗaya. In ya matso kusa da kwamfutar nan da taku uku, Kwamanda ya bar min lambarsa."

Aka ajiye masa kujera 'yar tsugune a bakin ƙofa, ƙaton wando a cinya. Da rana mai gyaran takalma ya leƙo.

"Injiniya, an sauka daga kwamfuta ke nan?"

"Ƙarin girma aka yi min. Sashen warwara, ni kaɗai ne a ciki." Ya ɗaga wandon yana nazari ta cikin tabarau. "Ka ga kuma kekunan nan nasu, na lura akwai wasu ƙananan kusoshi a ƙasa da ba sa aikin komai. Da za a ba ni sukuddireba na minti goma…"

Mama ba ta ɗago daga yankan da take yi ba. Ta miƙa hannun hagu ta ɗauke sukuddireban daga kan tebur, ta jefa a jaka kusa da ƙwayoyinta, ta ja zif.